Fatsa Ba Tukunya: Abin da Na Gani a Bakin Ruwayen Ingila

A Ingila tsutsa haja ce. Akwai shagunan da ke ajiye ta a firji, wata fara, wata an rina ta ja, ana auna ta da kofi, kuma ranar Juma'a da yamma sai ka ga dattawa masu furfura sun yi layi, kowa riƙe da ɗan akwatin roba yana jira a zuba masa. Ɗan yayata da ke karatu a Nottingham ne ya kai ni wani shago irin wannan, bayan na dame shi da tambaya a kan mutanen da nake gani tun asuba a bakin kogin Trent, cikin sanyi da yayyafi, kowa ya zuba wa ruwa ido. Na ce masa, “Kai yaro, waɗannan bayin Allah ina kasuwarsu? Ban ga inda ake sayar da kifin kogi a garin nan ba.” Ya yi dariya ya ce, “Kawu, ai babu kasuwa. In sun kama, mayarwa suke yi.”

Gaskiya ya faɗa. Baturen Ingila na cin kifi sosai, amma na teku, wanda ake soyawa da dankali. Kifin ruwan daɗi kuwa, in ka cire nau'i biyu ko uku, ya daɗe da fita daga tukunyarsa. Duk da haka kuɗi yake biya don ya kama shi. Duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin sanda daga hukumar kula da muhalli, wanda aka kama ba shi da shi tararsa na iya kaiwa fam 2,500. Bayan lasisi kuma sai izinin mai ruwa, domin kusan kowace gaɓa da kowane tafki akwai mai haƙƙin kamun kifi a cikinsa, ko mutum ko ƙungiya. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni ana rufe koguna ga masu neman kifayen gama-gari saboda lokacin ƙwai ne, shi ya sa 16 ga Yuni ta zama ranar da wasu ke ɗaukar hutun aiki, su isa bakin ruwa kafin sha biyun dare suna ta duba agogo. Wannan kam bai ba ni mamaki ba. Wanda ya san yadda ake tsare Matan Fada a Argungu har ranar da za a sake ta ga masu homa da gora ya san ruwa ma yana son hutu.

Abin da ya ɗaure min kai daban ne. Masunci a wurinmu ma'auninsa ɗaya: me ka fito da shi, nawa aka saya. Su da suka cire ciki da kasuwa daga lissafi, sai ya zama dole kowa ya ƙirƙiro wa kansa abin da zai kira nasara. A nan suka rarrabu. Daga nesa duk ɗaya suke, mutum da sanda da zare da ƙugiya. Matso kusa ka ji yadda suke raina juna.

'Yan gasa su suka fi sauƙin ganewa. Ana raba gaɓa gurbi-gurbi, kowane da lamba, kowa ya zura hannu a jaka ya zaro rabonsa. A busa usur, a yi awa biyar, a sake busawa, sannan a bi su da sikeli. Wanda kifinsa ya fi nauyi a jimlace shi ya ci, daga nan kowa ya juye ragarsa cikin ruwa a watse. Ɗan gasa ba ruwansa da kyan kifi ko girmansa. In ƙanana ne za su cika masa sikeli, zai yini yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya ba ya ko ɗaga kai. Sandarsa kan kai mita 13 zuwa 16, ana harhaɗa ta gaɓa-gaɓa, mai kyau a cikinsu kuɗinta ya sayi tsohuwar mota. Kowane minti yana harba 'yan tsutsotsi da danƙo su faɗa daidai inda 'yar totuwarsa ta roba ke tsaye. Na tsaya a bayan wani na ɗan lokaci ina kallo, ya juyo ya roƙe ni cikin ladabi in tsuguna, wai inuwata na korar masa kifi.

Wannan salo gadon ma'aikatan masana'antu ne. A ƙarni na 19 maƙeran ƙarfe na Sheffield, waɗanda dattin masana'antu ya kashe kogin garinsu, su kan cika jiragen ƙasa a ranar hutu zuwa magudanan Lincolnshire, su yi gasa, kyautar ta zama tukunya ko agogo ko cinyar nama. Ɗan majalisarsu A. J. Mundella ne ya tsaya har aka yi dokar rufe koguna a 1878. Yankin ya ci gaba da fitar da zakaru: Alan Scotthorne na Barnsley sau biyar yana zama gwanin duniya.

Masu neman kifin da suke kira kaf kuwa, a ganinsu duk wannan wasan yara ne. Kaf kifi ne mai kauri da manyan ɓawo da 'yan gashin baki, yana iya rayuwa shekaru da dama, yana kuma koyon wayo. Mai nemansa ba yini yake zuwa yi ba, tarewa yake yi. Na je wani tafki da ke bayan gari na tarar da ƙananan tantuna kore-kore a jere, kowane da gadon naɗewa a ciki, da risho, da butar shayi. A gaban kowane tanti sanduna uku a kwance bisa ƙafafun ƙarfe, an jona zarensu da wata 'yar na'ura mai ƙara, yadda ko barci mutum yake yi in kifi ya ja za ta tashe shi. Abincin ƙugiyarsu wasu dunƙule-dunƙule ne na gari da ƙwai da kayan ƙamshi, an dafa su sun yi tauri don kada ƙananan kifi su iya ci. Ba ma a jikin ƙugiyar ake soka su ba, a wani ɗan siririn zare ne da ke reto a bayanta, dabarar da Len Middleton da Kevin Maddocks suka fito da ita wajen ƙarshen shekarun 1970, bayan sun lura kaf kan tsotsi abu ya tofar in ya ji ƙarfe.

Wani magini da na zauna wurinsa ya shaida min daren Lahadi zai koma gida, tun Alhamis yake nan, ko motsi zarensa bai yi ba, kuma bai ga abin damuwa a ciki ba. Ba kifi yake nema ba, wani kifi guda yake nema. Ya buɗe waya ya nuna min hotonsa a hannun mutane daban-daban, ya nuna min tabon da ke gefen wutsiyarsa da jerin ɓawon da ake gane shi da su, ya faɗa min nauyinsa a bara da bara waccan. Sun san kifayen tafkinsu ɗaya-ɗaya da suna kamar yadda Bafulatani ya san shanunsa. In Allah ya ba mutum sa'a, sai a shimfiɗa katifa mai laushi a jiƙa ta da ruwa, a kwantar da kifin a kai, a zare ƙugiya, a shafa masa magani a inda ta huda, a auna, a ɗauki hoto, sannan mutum ya shiga ruwa har gwiwa ya riƙe shi sai ya farfaɗo ya tafi da kansa. Wanda ya ɗaga kifi a tsaye ko ya ajiye shi a kan tsakuwa, korarsa ake yi daga tafkin.

Suna da tarihinsu da suke ji da shi. A watan Satumba na 1952 wani injiniya mai suna Richard Walker ya kama kaf mai laba 44, kimanin kilo 20, a wani ƙaramin tafki da ake kira Redmire. A lokacin mutane da yawa na ganin manyan kaf ba sa kamuwa da fatsa. Maimakon a kashe kifin a busar da shi a rataye a bango kamar yadda aka saba, sai aka kai shi gidan namun daji na Landan, aka san shi da suna Clarissa, ya ƙare rayuwarsa a can. A 1980 Chris Yates ya kama wanda ya haura laba 51 a wannan tafkin, da ƙwayar masara a ƙugiya da tsohuwar sandar gora da Walker ya ƙera. Abin dariyar shi ne Yates, wanda masu tanti ke girmamawa, shi ne kan gaba wajen ƙyamar na'urori da tarkacen da suka cika bakin ruwa da su. A wurinsa wanda ke barci na'ura na yi masa gadi tarko ya ɗana, ba fatsa yake yi ba. Sai kuma Benson, wata macen kaf ta tafkunan Bluebell kusa da Peterborough, da ta kai laba 64, aka kuma kama ta fiye da sau 60 a rayuwarta. Da ta mutu a 2009, mujallar The Economist, wadda ta saba yi wa shugabannin ƙasa da manyan masana ta'aziyya a shafinta na ƙarshe, ta ba ta shafin.

Na ɗauka na ga ƙarshen tsanani sai da na gangara kudu zuwa Hampshire. A can akwai wasu koguna da ruwansu ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin duwatsun alli, garau, da sanyi, rani da damina kusan ɗaya. Irinsu kaɗan ne a duniya, mafi yawansu kuma a Ingila suke, Test da Itchen su ne sarakunansu. A garin Stockbridge na tsaya a kan gada ina ganin kifin tirawut a tsaye cikin ruwa yana kaɗa wutsiya, har ɗigon jikinsa ana ƙirgawa. A wannan gari ne ƙungiyar Houghton take, wadda aka kafa a 1822, mambobinta ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma kuɗi kaɗai ba ya shigar da mutum. A gaɓoɓin da ake sayar wa baƙi izini, yini ɗaya a ƙarshen Mayu, lokacin da wani babban ƙwaro ke ƙyanƙyashewa kifi ya haukace da ci, yakan ci ɗaruruwan fam. An aske ciyawar gaɓa, an kafa benci, ga ɗan ɗakin cin abinci, ga mai gadin kogi da aikinsa ke nan shekara da shekaru.

A nan ambaton tsutsa ma abin kunya ne. Ƙwaron ƙarya ake amfani da shi, wanda aka ɗaure da gashin tsuntsu da zaren siliki a jikin 'yar ƙugiya, ya yi kama da ƙwaron da ke tashi a wannan sa'a. Kuma ba yadda ka ga dama za ka jefa shi ba. Frederic Halford, wanda littafinsa na 1889 ya zama tamkar kundin shari'a a waɗannan koguna, ya tsara cewa mutumin kirki sai ya ga kifi da idonsa yana tasowa yana cin ƙwari, ya laɓaɓo ta bayansa, ya jefa ƙwaronsa sama da shi ya taho bisa ruwa a bushe. In kifi ba ya tasowa, ka zauna a benci ka jira, ko da yinin zai ƙare. Wani lauya mai suna G. E. M. Skues ya lura mafi yawan abin da tirawut ke ci a ƙarƙashin ruwa yake cinsa, tun ƙwaron bai yi fiffike ba, sai ya fara ɗaura irin wannan ya bar shi ya ɗan nutse, ya kuma rubuta littafi a kai a 1910. Tazarar da ke tsakaninsa da Halford ba ta wuce faɗin yatsu uku na ruwa ba, amma a kanta aka yi shekara kusan talatin ana jayayya. A 1938 aka yi zama na musamman a ƙungiyar masu wannan fatsa a Landan, almajiran Halford suka taru a kansa, a shekarar kuma ya bar gaɓar Itchen da ya yi fiye da shekara 50 yana kamun kifi a cikinta, yana ɗan shekara 80. Har gobe akwai gaɓoɓin da ba a yarda ƙwaro ya nutse ba sai bazara ta yi nisa.

Ba zan ɓoye ba, waɗannan sun burge ni. Mutum ya ɗaure wa kansa hannu da gangan don kada abin ya zo masa da sauƙi, akwai wata irin tarbiyya a ciki. Sai dai na lura da abu biyu. Da yawa daga kifayen da ake yi wa wannan ladabi a gonar kifi aka rene su, aka zuba su a kogin da mota. Na biyu, mai ƙwaron gashi a al'adance yana ɗauke da ɗan kulki a jaka, ya buge tirawut ɗinsa a ka ya kai gida a gasa da man shanu, ba wanda ya taɓa kiransa mugu. Kifin manya halal ne ga tukunya. Ku riƙe wannan.

Akwai kuma waɗanda ba su da tuta. Samari da 'yar gajeruwar sanda da kifin roba a aljihu, suna bin magudanan cikin birni a ƙafa bayan an tashi aiki, jifa biyu a nan uku a can. Da tsofaffi irin wanda na tarar a gefen wata tsohuwar hanyar jiragen ruwa, da fulas ɗin shayi da rediyo a kashe, wanda ya ce min tun da matarsa ta rasu gidan ya yi masa faɗi, nan yake zuwa. Ban tambaye shi me ya kama ba, shi ma bai faɗa ba. Hukumomin lafiya sun gane da irinsa: tun 2021 a yankin Manchester likitoci kan tura masu fama da damuwa wurin wata ƙungiyar masu fatsa a matsayin wani ɓangare na magani. A bakin teku kuwa, inda ba a neman lasisi, iyalai ne ke cika bokiti da kifi su tafi gida su soya, ba mai ɗaga musu gira.

Rigimar da ta fi zafi ta taso ne bayan 2004, da Folan da wasu ƙasashen gabashin Turai suka shiga Tarayyar Turai, mutanensu suka kwararo Ingila neman aiki. A Folan kaf shi ne abincin daren jajibirin Kirsimeti, har akan sayo shi da rai a ajiye a bahon wanka kafin ranar. Mutumin da ya tashi a haka ya zo ya ga tafki cike da ƙosassun kaf, ya sayi lasisi, ya kama, me kake tsammani zai yi? Masu tanti suka wayi gari kifin da suka yi shekaru suna bi, mai suna da tarihi, wanda mai tafki ya saya da dubban fam, ya shiga tanda. Aka yi ta zage-zage, wani wuri har da dambe. A 2010 aka tsaurara doka a kan abin da za a iya ɗauka daga kogi: ƙananan kifi 15 a rana waɗanda ba su wuce santimita 20 ba, da ɗan abin da aka ƙayyade na wasu nau'i biyu. A tafkin da ke da mai shi kuwa, ɗaukar kifi ba izini sata ce a doka. Ƙungiyar masu fatsa ta ƙasa ta ɗauki 'yan Folan da 'yan Lituweniya aiki don su wayar da kan 'yan uwansu, aka kakkafa alluna da harsuna da yawa. Wani mai tafki a Oxfordshire ya zarce, ya kafa allon hana 'yan gabashin Turai shiga gaba ɗaya a 2017, sai da hukumar kare daidaito ta sa baki.

Na tattauna da wani direban babbar mota ɗan Folan da ya daɗe a ƙasar. Yanzu shi ma mayarwa yake yi, har da katifarsa da maganin shafawa, kaf ɗin Kirsimeti kuma a shagon 'yan ƙasarsu yake saya. Amma ya ce mahaifinsa har yau bai gane ba, yana tambayarsa laifin me kifin ya yi da za a huda masa baki a sake shi don a sake hudawa.

Tambayar tsohon ba ta jahilci ba ce, don a Jamus ita ce doka. Dokar kare dabbobi ta can ta hana a wahalar da dabba ba tare da dalili mai ƙarfi ba, ci dalili ne, hoto ba dalili ba ne, kuma kotuna sun ci tarar mutanen da suka kama babban kifi don su yi hoto su sake shi. A yawancin jihohin ƙasar sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka lasisi. Siwizalan ma tun 2008 ta hana jefa ƙugiya da niyyar sakin abin da aka kama. Wato abin da ya sa ka zama mutumin kirki a bakin Trent shi zai kai ka gaban alƙali a bakin Rhine. Masana ma ba su bar masu fatsa sun huta ba: a 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta a Edinburgh suka nuna tirawut na da jijiyoyin jin ciwo a baki da kai, kuma halinsa na canzawa in aka sa masa dafin zuma a leɓe. Masu fatsa kan kawo wasu masanan da ke musun cewa wannan ciwo ne irin wanda muka sani.

Ni dai a nawa ganin, Baturen Ingila na da hujja, amma ba hujjar da yake faɗa ba ce. Ƙasar ƙarama ce, masu sanda sun yi yawa, da kowa zai kai gida da tuni ruwan ya zama fayau. Kifin tafki kuma dukiyar wani ce, da kuɗi aka zuba shi. Wannan ya isa dalili, baƙo kuma ya bi dokar masu gida. Inda na ƙi bin su shi ne inda suke kiran abin tausayi, su kalli mai ci kamar wanda bai waye ba. Kakanninsu da suka shigo da kaf ƙasar ɗaruruwan shekaru da suka wuce don tukunya suka kawo shi, a tafkunan gidajen ibada da na masu sarauta ake kiwonsa. Kifin da aka ja da ƙugiya sau sittin, ko an shafa masa magani sau sittin, ban san da bakin da zan ce ya fi wanda aka buge sau ɗaya jin daɗi ba.

Yanzu ma wani mai ci ya ƙaru da ba su san yadda za su yi da shi ba. Karen ruwa, wanda magungunan gona da farauta suka kusa shafewa a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya farfaɗo bayan an ba shi kariyar doka, zuwa 2011 an tabbatar ya koma kowace gunduma ta Ingila. Mai ƙwaron gashi in ya hango shi da sassafe murna yake yi, ya ce alama ce kogi ya samu lafiya. Mai tanti kuwa gabansa ne ke faɗuwa, don da sanyi, lokacin da kaf ke kwance ba kuzari, karen ruwa kan jawo mai laba 30 zuwa gaɓa, ya ci wajen maƙogwaro ya bar sauran. Taɓa shi laifi ne babba. Tafkin kaf ɗin da na je an kewaye shi da shingen waya mai tsayi, an binne gindinsa a ƙasa, an bi samansa da lantarki, kuma maginin nan ya ce kuɗin shingen ne ya sa aka ƙara musu kuɗin shiga na shekara.